Gargaɗi: mai cewa yana kawo magani daga Indiya ya cinye naira 725,000

Naira 725,000, jama'a. Kuɗin maganin sankarar mama ne na wata baiwar Allah, kuɗin da sai da aka sayar da keken ɗinkinta da tumaki biyu kafin ya haɗu. Mutumin yana talla a Facebook cewa yana kawo magani kai tsaye daga Indiya a rabin kuɗi, da ka yi masa magana sai ya ja ka WhatsApp.

Allurar trastuzumab ce, kwalba mai miligram 440, wadda ake yi duk bayan mako uku. Ya ce kwalba biyu naira 480,000. 'Yan'uwanta suka kawo mini takardar cinikin, na duba, na ce a biya. Wannan "a biya" ɗin ce ta hana ni barci. Amma ku tsaya ku ji abin da na gani: sunan maganin daidai, ƙarfinsa daidai, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi suna nan. Da kansa ya ce dole a ajiye shi tsakanin maki 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi, a akwatin sanyi zai zo. Kuma gaskiya ne kamfanonin Indiya suna yin irinsa mai rahusa. Wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne? Na duba, wallahi na duba.

Sai ga saƙo wai kwastan sun riƙe kaya a Legas, a turo 150,000. A'a, kafin wannan ma ya turo bidiyon akwati da ƙanƙara a ciki, da lambar bin sawun kaya wadda ba ta buɗewa a shafin kowane kamfanin aika kaya. Ya ce sai kayan sun sauka za ta fara aiki. Ƙarya ce. Lambar gaske, da zarar kamfani ya karɓi kaya ya shigar, za ka gan ta. Aka tura 150,000 ɗin ba a gaya mini ba, asusun wani mutum dabam, ba ma sunan da aka tura 480,000 ba. Kuɗin fito kuwa ta banki ake biyansa bisa takardar kwastan, ba a zuba shi a asusun mutum.

Daga nan sai 95,000, wai izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, har da wasiƙa mai tambari. Wannan ce ta fi ƙona mini rai, domin izini kafin a ɗoro kaya ake nemansa, ba bayan sun sauka ba. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da magani ko sayar da shi matuƙar NAFDAC ba ta yi masa rajista ba. Idan likita ya rubuta wanda babu shi a ƙasa, akwai hanyar izini na musamman: takardar likita, rahoton asibiti, adadin da maras lafiya ke buƙata, a shigar da buƙata ta hannun asibiti ko kantin magani mai lasisi. Wanda yake karɓar kuɗin mutane yana kawo musu kuwa, ba don kansa yake shigowa da shi ba, fatauci yake yi, sai da lasisin hukumar masu harhaɗa magani, PCN. Wannan lasisin ne ban tambaya ba. Duk abin da ke jikin takardar cinikin na bi, wanda ke sayarwa ne ban bi ba.

480,000, da 150,000, da 95,000. Naira 725,000, ko kwalba ɗaya ba a gani ba, layinsa a kashe. Ita kuma lokacin allurarta ya wuce. Idan jinkiri ya haura mako ɗaya, sai an koma babban awon farko, miligram 8 kan kowane kilo na nauyin jiki maimakon 6, wato ƙarin magani, ƙarin kuɗi. Ko da ma ya kawo, kwalbar da ta kwana a zafi ko ta daskare, ido ba zai gaya maka ta lalace ba.

Hotunan hirar da rasit ukun da wasiƙar bogin duk suna hannuna, zan saka su da zarar na rufe sunan maras lafiyar. An kai ƙara banki da wajen 'yan sanda.

Ku nemi lambar lasisin PCN kafin ku biya. Ku duba sunan maganin a Greenbook, jerin magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista a intanet. Kada ku tura kuɗin kwastan asusun kowa. Wanda kuma ya ce zai haɗa muku da tramadol mai miligram 225, ku guje shi, wannan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ce za ta zo ƙofarku.