Saltaire ko Eyam: wanne za ka fara gani idan Asabar ɗaya gare ka?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya ɗan'uwanmu da ke karatu a birnin Leeds na Ingila ya yi tambaya. Iyalinsa sun zo masa, yana da Asabar ɗaya tak kafin ya duƙufa ga rubutun kammala karatu, kuma yana so ya kai su wani ƙaramin gari mai tarihi maimakon yawon kantuna. An ba shi sunaye biyu, Saltaire da Eyam, ya rasa na zaɓa. Malam, Allah ya sa na taka duka biyun, Saltaire ma ban san adadin zuwana ba, don haka bari in jera maka su ka gani.

Mu fara da hanya, tunda da yara za ka tafi. Saltaire a bakin Bradford take, tana da tashar jirgin ƙasa a cikin garin, kuma daga Leeds tafiyar ba ta wuce ta minti 15 zuwa 20 ba. Kana saukowa ginin tsohuwar masaƙar ulu da aka kafa garin dominta na gabanka. Eyam kuwa tana can cikin tuddan Derbyshire, ba ta da tashar jirgi, sai ka je Sheffield ka kama bas, ko ka tafi da mota. Mutanen wurin "Im" suke furta sunan, da jan wasali, ka riƙe wannan kada ka tambayi direba ya kasa gane ka.

Saltaire mutum ɗaya ne ya sa aka zana ta aka gina. Titus Salt attajirin ulu ne da ya yi dukiya da gashin alfaka, wata dabbar tsaunukan Peru, dangin raƙumi amma marar tozo. Shi ne magajin garin Bradford a 1849 lokacin da kwalara ta yi ɓarna a birnin, ga hayaƙin masana'antu ya rufe sama, ga ruwan sha ya gurɓace. Sai ya kwashe sana'arsa ya fita bayan gari, ya sami fili a bakin kogin Aire, inda layin dogo da haƙaƙƙiyar hanyar ruwa ta Leeds zuwa Liverpool suke bi. Sunansa da sunan kogin aka haɗa aka sami sunan garin. An buɗe masaƙar a 1853, ranar da ya cika shekara 50, kuma ta ɗauki ma'aikata wajen 3,000. Bayanta ya gina musu gidaje na dutse fiye da 800, da makaranta, da asibiti, da wurin wanka da wanki, da gidajen gajiyayyu, da coci, da lambun shaƙatawa. Mashaya ce kawai bai gina ba. Idan kana tafiya ka riƙa karanta sunayen layuka: Caroline matarsa ce, wasu na 'ya'yansa ne, manyan titunan kuma Victoria da Albert, sarauniya da mijinta.

Eyam ba wanda ya tsara ta. Tsohon ƙauye ne na masu haƙar dalma da makiyaya, a harabar cocinsa akwai wani sassaƙaƙƙen dutse da ya haura shekara dubu. Abin da ya sa duniya ta san shi wata 14 ne kacal, daga Satumbar 1665 zuwa Nuwambar 1666. A shekarar da annoba ke cin Landan, aka aiko wa telan ƙauyen ɗaurin yadi daga can. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ɗaurin, ya ga da danshi, ya shanya a bakin murhu. Ana ganin ƙuma ce ta biyo yadin. Cikin 'yan kwanaki ya rasu, maƙwabta suka bi. Da sanyi ya shigo cutar ta lafa, da zafi ya dawo ta taso da ƙarfi, mutane suka fara ɗaure kaya.

A nan ne limamin cocin, William Mompesson, ya nemi Thomas Stanley, wanda aka cire daga wannan kujerar 'yan shekaru kafin nan saboda saɓanin aƙida. Mutum biyun, duk da saɓanin aƙidarsu, suka haɗa kai, suka roƙi jama'a abu uku: kada kowa ya fita ko ya shigo, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa kusa da inda ya rasu, ibada kuma a koma yin ta a fili, a wani kwari da ake kira Cucklet Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Mai sarautar Devonshire da ke Chatsworth da ƙauyukan kewaye suka riƙa aiko abinci ana ajiyewa a kan iyaka. Har yau dutsen iyakar yana nan a kan hanyar Stoney Middleton, da 'yan ramuka a bisansa inda ake zuba ruwan kal a jefa kuɗi, da tunanin zai kashe cutar. Mutum kusan 260 suka mutu. Watan Agustan 1666 kaɗai ya ci fiye da 70, cikinsu har da Catherine, matar limamin, wadda ta ƙi barin mijinta bayan sun tura 'ya'yansu biyu wani wuri.

Ranar da na tsaya a gaban wannan dutsen hadisin Manzon Allah (SAW) ne ya faɗo mini, wanda ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta auku kuna ciki kada ku fita. Na san yaranka za su gane labarin Eyam nan take idan ka fara musu daga nan.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai yana can gefen ƙauyen, a tsakiyar wata gona. 'Yar katanga ce ta dutse, a ciki kaburbura na gidan Hancock. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, ita kaɗai, ba mai kama mata. Babu mai gadi, babu mai sayar da tikiti, daga kai sai tumaki da iska. Na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba.

To ga inda garuruwan biyu suka rabu da gaske, kuma shi ne dalilin da ya sa na tsawaita. Tarihin Eyam ba shi da sauran mai rai da ya gani da ido. Abin da ya rage shi ne rajistar coci mai ɗauke da sunayen mamata da ranakun binne su, da 'yan wasiƙun da Mompesson ya rubuta, da duwatsu, sai labarin da kaka ta ba jika. Mafi yawan abin da ake faɗa wa baƙi a yau sai a ƙarni na 19 aka tattara shi a rubuce, bayan abin ya shekara fiye da 150. Shi ya sa za ka ji masu tsohon labari suna cewa mutum 350 ne a ƙauyen, waɗanda suka bi takardu daga baya kuma suna cewa sun kai wajen 800. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin shi ke nuna ko yawancin garin ne ya tafi ko kashi ɗaya cikin uku. Haka labarin Emmott Sydall da saurayinta na ƙauyen maƙwabta, da aka ce suna hangen juna daga nesa har ranar da ba ta fito ba: sunanta na cikin jerin mamata, sauran kuwa baki ne ya riƙe. Ni ban ga wannan ya rage wa Eyam daraja ba. Na ma fi girmama su da na ga yadda suka manna allo a ƙofar gidajen da annobar ta shiga, da sunan kowane mamaci, alhali mutane na zaune a cikin gidajen suna harkarsu. Kuma duk Lahadin ƙarshe ta Agusta suna fita wancan kwarin su yi taron tunawa.

Saltaire kuwa masu labarinta suna numfashi. Sai a 1986 aka rufe masaƙar, ke nan wanda ya bar aiki yana ɗan shekara 30 yanzu dattijo ne mai jikoki, yana nan yana shan iska a lambun da ke tsallaken kogi. A kan benci a wannan lambun wata tsohuwa ta taɓa ba ni labarin shekarunta a ɗakin saƙa. Ta ce ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, sai suka koyi karanta leɓen juna, har ana iya yin gulma daga wannan bango zuwa wancan. Ta nuna mini kunnenta da ya daina aiki tun tana da ƙuruciya. Ta ba ni labarin matan da aikinsu shi ne bin yadi da yatsa suna neman ƙulli da zaren da ya tsinke suna gyarawa da allura, waɗanda ake ganinsu a matsayin masu aji a cikin ma'aikata. Ba ka samun wannan a allon bango. A Bradford kuma za ka haɗu da dattawa 'yan asalin Pakistan da suka zo a shekarun 1950 da 1960 suka riƙe aikin dare a masaƙun ulu na yankin. Bayan sallah a masallaci, idan ka gaishe su da ladabi ka yi tambaya ɗaya, za ka ji rabin tarihin da ba a cika rubutawa ba. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su yi shiru da bayan sun yi, zai gane irin muryar da suke magana da ita.

Kada kuma a kai ka a baro game da Salt. Ya yi abin a yaba, gida mai ruwa da bayan gida nasa na kansa ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikaci a wancan zamani. Amma mai gidan da kake haya shi ne mai ba ka albashi, shi ne mai makarantar ɗanka, shi ke yanke abin da za a gina a garin da abin da ba za a gina ba. Yara ƙanana ma sun yi aiki a masaƙar, rabin yini makaranta rabin yini inji. Ka nuna wa naka yaran bambancin gidajen: na masu kula da ma'aikata da ɗan lambu a gaba, na talakawa ƙofa a bakin titi. Ginin da kansa yana faɗin matsayin kowa. Salt ya rasu a 1876, kabarinsa na jikin cocin da ya gina daura da masaƙar.

Bayan rufewa, wani ɗan kasuwa Jonathan Silver ya sayi ginin a 1987 ya raya shi. Yanzu akwai zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, da kantin littattafai da wuraren cin abinci, shiga kuma kyauta ne. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Shawarata, Malam, ka fara da Saltaire. Sauƙin hanya dalili ne, ga abincin halal a wadace a Bradford, ga wurin fakewa idan ruwa ya tsuge. Amma babban dalilina tsofaffin nan ne. Daga zuwana na farko zuwa na baya-bayan nan na ga yadda suke raguwa a bencin lambun, ita ma waccan tsohuwar ban sake ganinta ba. Ka je da hantsi, ka bar yara su hau su sauka a lambun, kai kuma ka zauna kusa da wani mai furfura ka tambaye shi ko ya taɓa aiki a masaƙar. Mutanen Yorkshire, yankin da Saltaire take, ba sa fara magana da baƙo da sauri, amma wannan tambayar tana buɗe bakinsu.

Eyam ka ajiye ta zuwa lokacin zafi, idan ka miƙa aikinka hankali ya kwanta. Tana son takalmin taka laka da yini guda cur, domin daga coci zuwa dutsen iyaka zuwa kaburburan Hancock duk a ƙafa ne, da hawa da gangara. Gidan kayan tarihinsu ƙarami ne kuma ba kullum yake buɗe ba, musamman da sanyi, don haka ka duba kafin ku tashi. Idan ka daidaita tafiyar da ƙarshen Agusta, ka sanar a nan, ina so in sake zuwa, sai mu haɗu a Sheffield mu kama bas ɗaya.