Kwandon ajiye farbataj da muka saya a Dakar, ga yadda na gan shi

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina gida Maraɗi hutu, kuma tunda na sa hoton jirgin da nike aiki a kai ake ta tambayata wai mi ne ne waɗancan abubuwa farare da ke cikin kwandon ƙarfe a baya. Farbataj ne, robobi masu iska a ciki da ake ratayawa gefen jirgi in za a tsaya jikin gada ko kusa da wani jirgi, don kar jikinshi ya gogu. Su kansu ba su da matsala, wurin ajiyarsu ne ciwon kai, shi ya sa maganata yau kan kwandon take don kuɗi aka sa aka saye shi ba kaɗan ba.

Jirgin na wani anasara ne, irin wanda iska ke turawa, tsawonshi mita 12, yana tsaye a Hann can Dakar. To a Hann ba a jingina jirgi da bango, tsakiyar ruwa ake ɗaure shi sai ƙaramin kwale-kwale ya kai ka ya maido ka, ke nan galibin lokaci farbataj zaman banza suke, sai in mun shiga tsibirin Gore da ke kusa da Dakar ko mun tsallaka Mindelo a tsibiran Kap Ber inda ake jera jirage kafaɗa da kafaɗa. Lissafin da masu jirgi ke bi shi ne kaurin santimita 2 da rabi kan kowane mita 1 da rabi na tsawon jirgi, namu ke nan sai mai kaurin santimita 20 ko fi, uku ta dama uku ta hagu, ga kuma wata ƙatuwa mai kamar ƙwallo guda. Ka ga kaya bakwai da ba su naɗewa ba su lanƙwasuwa. Akwatin baya ya cika da igiyoyi da bidon na gazuwal, in ka shigar da su ɗaki kuma da jiƙarsu kwana kaɗan wuri ya ɗau warin teku, barinsu a rataye ana tafiya kuwa abin kunya ne wajen masu jirgi, dariya za a yi maka tun daga nesa, ban da cewa ruwa na iya fizge guda ya tafi da ita.

Sai maigida ya sayo kwanduna biyu a wani shago na kayan jirgi, kowane na cin farbataj biyu, kusan jika 90 su biyun. Ana maƙala su ne jikin bututun ƙarfen da ya kewaye jirgi, namu mai kaurin milimita 25, kuma gaskiya maƙalin ya zauna daram, da ɗan makulli guda na ɗaura su ba tare da an huda komi ba. Nan na yaba. Abu na biyu da na yaba, wanda shi ne ma babba, sauri. In ana shiga tasha maigida na riƙe da sitiyari ni kaɗai ne a sama, ga igiyar gaba ga ta baya ga iska na tura ku gefe, ba lokacin da za ka durƙusa kana tonon akwati, amma da kwandon hannu kawai nike miƙawa in zaro guda da igiyarta in ɗaure a gindin ƙarfe. Kuma suna shan iska suna bushewa, ba fumfuna ba wari.

To daga nan fa yabon ya ƙare. Mai shagon cewa ya yi a ɗaura su gaba, hakanan ma hoton jikin kwali ya nuna, amma wallahi wanda ya ɗauki hoton nan jirgi mai inji ya sani. A jirgin iska zanen gaba, wanda iska ke bugawa ta tura jirgi, na da igiyoyi biyu da ke sharar wurin duk lokacin da aka juya, sai igiya ta sarƙe a bakin kwandon, zane na ta kaɗawa maigida na ta ihu da faransanci, ni kuma in rarrafa gaba ruwa na dukana in warware. Dole muka maida su baya. Can ba sa kama igiya amma sun matse hanyar tsanin sauka ruwa, kuma tunda guda huɗu kawai suke ci, sauran biyu da ƙwallon suna nan inda suke a da. Bakin kwandon ma buɗe yake, a hanyar Mindelo da iskar arewa maso gabas ta taso jirgi na tsalle sai ka ga farbataj na ɗagowa za ta fice, in ba ka ɗaure igiyarta jikin bututu ba sai dai ka yi mata addu'a.

Abin da ya fi ɓata min rai tsatsa. An ce mana inoks ne, wato ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, kuma inoks ɗin ne, sai dai inoks iri-iri ne. Wanda ke jure ruwan gishiri shi ne mai lamba 316 don akwai sinadarin molibdenom kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a cikinshi, 304 kuwa babu, kuma da ido ba ka banbanta su, mayen ƙarfe ma ba ya faɗa maka don duka biyun ba ya kama su sosai. Namu damina ba ta wuce ba wurin waldar ya yi ja, ruwan tsatsa na ɗiga kan farin jikin jirgi, kuma wa zai goge in ba ni ba. Mun koma shagon, mutumin ya ce mu riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo kullum. A tsakiyar ruwa, inda bidon-bidon muke ɗauko na sha!

Sai rana. Wannan ba laifin kwandon ba ne kai tsaye amma shi ke shanya su waje dare da rana. Robar PVC ce, in ta daɗe tana shan rana sai ta fara danƙo, lokacin hunturu ƙura ta zo ta manne, daga nan farbataj ta koma kamar dutsen goge kaushi, abin da aka saya don ya kare fenti shi ke cinye shi. Sabulu da soso nike sa musu, ban da tina ban da esansi, su ke ƙara musu danƙon. Kuma kar a cika musu iska tam, in ka danna da babban yatsa ya ɗan shiga ya isa, zafi da kanshi zai ƙara kumbura su.

Kawu da ke da kwale-kwale mai inji a tafkin Madarunfa ya ce in taho mashi da irinsu in zan dawo. Na ce Kawu ka yi haƙuri kar ka ɓata kuɗinka, jirginka na katako ne, baƙin shatin taya ba zai rage shi da komi ba. Tsofaffin tayoyin babur huɗu sun ishe ka, ba mai sace su, ba ka neman wurin ajiya, a dai huda ƙasansu kar ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Masu farin jirgi ne taya ke ɓata musu jiki.

Ni dai ba zan sake yarda a sayi irin kwandon nan ba sai na ga 316 a buge jikin ƙarfen. Wancan hutun na kai ma wani tela a babbar kasuwa awo ya ɗinka min doguwar jaka, sama tamfol don rana ƙasa raga don ruwa ya tsiyaye, ba zif don gishiri na cinye shi, igiya ce ake zugewa. Ita ke ɗauke da sauran biyun da ƙwallon, a kwance gefen ɗaki daga waje, ba ta kama igiya ba ta tsatsa, kuɗinta bai kai jika 10 ba. Zarowa ce dai ba ta kai kwandon sauri ba, kuma zaren auduga ya yi amfani da shi, rana ta cinye ɗinkin bakin har ya fara buɗewa. Wannan karon na taho mashi da zaren foliyesta irin wanda ake ɗinka zanen jirgi da shi, jibi zan kai mashi ya yi min guda biyu.