Ka adana fayil a kan tsohon: Google Drive ko Dropbox, wa zai dawo maka da shi?

Ka kwana kana lissafin shago a Excel, da safe ka adana wani fanko a kansa da suna ɗaya. Kada hankalinka ya tashi tukuna, domin Google Drive da Dropbox, wuraren ajiyar fayil a intanet, duka biyun suna ajiye tsofaffin kwafin fayil ɗin da ka ɗora a cikinsu.

A Dropbox abin ba wuya. Ka shiga ta burauza, ka danna ɗigo ukun da ke gefen fayil ɗin, ka buɗe tarihinsa, ka zaɓi na jiya ka ce a maido. Nan take ya koma mazauninsa. Mai asusun kyauta yana da kwana 30, wasu tsare-tsaren kuɗi kuma kwana 180.

Drive kuwa sai ka ɗan zagaya. In fayil ɗin PDF ne ko Excel da ka ɗora, sai ka sauke tsohon kwafin zuwa kwamfutarka, sannan ka sake ɗora shi da hannunka. Yana iya goge kwafi bayan kwana 30, ko in sababbi 100 suka taru a kansa, kuma mai yawan danna adanawa zai cinye ɗarin nan tun wata bai yi nisa ba. Amma yana da abin da nake so: kana iya sa wa kwafi alamar a riƙe shi har abada, misali lissafin ƙarshen shekara.

Ni dai Drive na zaɓa, ko don gigabait 15 na kyauta, tunda Dropbox 2 kacal yake bayarwa.