Jirgin ƙasan Madina zuwa Makka: ki yanki tikitinki tun daga Kano

Hajiya, kan tambayarki ta ko ki sayi tikitin jirgin ƙasan Haramain tun kina gida ko ki bari sai kun sauka Saudiyya, ni dai na ce ki saya tun yanzu. Umarar azumi ce, kuma da Mama za ki tafi. Na gwada duka biyun, ba labari aka ba ni ba.

Lokacin da na kai tsohuwarmu, saura sati uku mu tashi, a falona a Gwammaja yarona ya buɗe mini manhajar HHR Train a waya. Muka sa lambar fasfo, muka zaɓi jirgin hantsi daga Madina, kujeru biyu a jere, tata a gefen taga. Shi ke nan fa. Ranar tafiya muka isa tasha, na nuna wayata a ƙofa, muka wuce. Tsakanin Madina da Makka wajen kilomita 450 ne, jirgin kuma yana kai gudun kilomita 300 a awa, don haka awa biyu da rabi ba su cika ba muka sauka. Ita kuwa tun hajjinta na farko abin da ta sani shi ne doguwar mota, awa biyar zuwa shida a zaune, a sauka ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Jirgin bai fara aiki ba sai 2018, ba ta taɓa ganinsa ba. Tana jan carbi tana kallon duwatsu ta taga, gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ta, da na taɓa ta na ce ta shirya, sai ta ce, "Au, wai Makkan ke nan?" Har yau in ƙawayenta sun zo gaisuwa sai ta ba su labarin nan, kullum tana ƙara wa jirgin gudu.

Tunda ta Madina za ku fara, ki riƙe wannan: jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. A masauki ake yin wanka, maza su ɗaura harami kafin a fito, domin ana barin tasha ba a jimawa ake zuwa daidai miƙati. Kada ki ce sai an shiga za a shirya Mama. Yadda za ku yi niyya kuwa, ki tambayi malaminku tun a nan.

Saye a tasha? Ana yi. In ba lokacin cunkoso ba ne, kuma kai kaɗai ne da 'yar jakarka, za ka samu. Ni a goman ƙarshe na gwada, da azumi a bakina, aka ce kujera sai ta tsakar dare, na ƙare a tasi da kuɗin da har yanzu ba na son tunawa. Iyakar abin da zan ce a kai ke nan.

Wuri ɗaya ne ba na son a yi garaje, shi ne ranar sauka. In a Jidda za ku sauka ku wuce Madina, akwai tashar jirgin ƙasan a cikin filin jirgin saman Jidda, kuma tikitin na jirgi ɗaya ne a lokaci ɗaya. In tashinku daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya yi jinkiri, ko layin duba fasfo ya yi tsawo, jirgin ƙasa ba zai jira Mama ba. Ki bar tazarar awoyi masu kauri, ki kuma karanta sharaɗin canji da mayar da kuɗi kafin ki biya. Sannan kaya: babbar jaka ɗaya ce da ba ta wuce kilo 25 ba, sai ta hannu. Na san halinmu, ana zuwa da akwati ɗaya a dawo da Ghana-must-go uku na dabino da abaya. Sayayya mai nauyi ki bar ta sai garin ƙarshe.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Azumi na ƙaratowa masu "zan yanko miki" za su cika WhatsApp. Wani zai saya da gaske ya ninka miki kuɗi, wannan mai sauƙi ne. Wani hoton tikiti kawai zai turo, wanda ya tura wa mutum biyar, sai kin je ƙofa na'ura ta ƙi karɓa. Akwai kuma shafukan intanet da ke kwaikwayon na ainihi. In katin bankinki na naira ya ƙi biya, ki nemi ɗan uwa mai katin dala, ku zauna tare ya biya a gabanki, tikitin ya shigo imel ɗinki. In ejan ɗinku ya ce ya haɗa da jirgin ƙasa a cikin kuɗin umara, ki ce ya turo tikitin tun kafin ku tashi, ki duba sunan Mama da lambar fasfonta harafi bayan harafi, da rana da lokaci.

Ki yanki na Madina zuwa Makka a satin nan, na safe, kujerar taga ga Mama. Allah Ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a in an je Rauda.