Tafiyarmu ta 'yan fansho zuwa bikin wasan kwaikwayo na Legas

Mu 23 ne muka tashi daga Kaduna, dukkanmu tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, ƙaraminmu ya haura shekara 60. Adashi muka yi na wata goma, muka danƙa kuɗin a hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya kai mu Lagos Theatre Festival, da mota da masauki da abinci da tikiti duk a ciki. Wasu ƙungiyoyin 'yan fansho sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bikin dai ya biya, har da riba. Kamfanin kuwa da sauransa.

Hanyar ba ta da laifi. Mota mai sanyi, direba mai natsuwa, muka bi ta Abuja da Lokoja muka kwana a Ibadan. Washegari muka hau jirgin ƙasa daga tashar Moniya da ke Ibadan zuwa Ebute Metta a Legas, layin da aka buɗe a 2021, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin ƙafafunmu sun kumbura da zaman mota.

A masauki aka fara samun matsala. Tun kafin mu biya mun faɗa musu akwai masu ciwon gwiwa da masu hawan jini a cikinmu, amma sai ga ɗakunanmu a hawa na uku, ba na'urar hawa. Wata Hajiya da ta koyar da lissafi shekara 35 ta tsaya a gindin matakala riƙe da sandarta, ta dubi yaron da kamfanin ya haɗa mu da shi ta ce, "Ɗan nan, da mahaifiyarka ce, nan za ka kawo ta?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri Mama, ba ni na zaɓa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma yaron ya yi ƙoƙari, kafin magariba ya samo wa mutum shida ɗakunan ƙasa. Ga shi otal ɗin yana can nesa da tsibirin Legas inda ake bikin, kullum sai mun ci cunkoson gada zuwa da dawowa. Jadawalin da suka ba mu babu lokacin sallah a ciki, mu muka tsayar da shi da kanmu, muka yi sa'a Babban Masallacin Legas ba shi da nisa da wurin bikin.

Wurin bikin shi ya wanke mini duk wannan ɓacin rai. British Council, hukumar raya al'adu ta Birtaniya, ce ta fara shirya bikin a 2013, da niyyar fitar da wasan kwaikwayo daga zaure a kai shi wuraren da ba a saba ba. Mu a Freedom Park muka yi kallo, a kan titin Broad. Kurkukun Turawan mulkin mallaka ne a da, inda aka taɓa tsare 'yan kishin ƙasa irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da Michael Imoudu, sai aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010 lokacin cikar Najeriya shekara 50 da samun 'yanci. Tsohuwar katangar tana nan. Na dafa ta da hannuna, ni da na shekara ina karantar da yara tarihin waɗannan mutane daga littafi.

A jikin katangar muka kalli wasan da ya fi tsaya mini a rai. Mace ɗaya ce, da kujerar katako da fitila, tana taka uwar da ke jiran ɗanta ya dawo daga ci-rani. Babu labule, tsakaninmu da ita taku huɗu, har gumin goshinta nake gani. Da ta jawo tsohuwar rigar yaron ta shinshina, sai na ji Malamin da ke gefena yana jan hanci, mutumin da ya yi shugaban makaranta ana tsoronsa. Rabin zancen da Turancin Buroka ta yi shi, tana sirkawa da Yarbanci, duk da haka babu wanda ya nemi a fassara masa wannan wurin. A sauran wasannin kam mun buƙaci tafinta, kuma kamfanin bai tanadar ba. Kujerun roba ne, wasu wasannin ma a tsaye ake bin 'yan wasa daga lungu zuwa lungu, don haka mai ciwon baya ya tafi da 'yar kujerarsa ta ninkewa.

Ranar dawowa muka wuce ta Iganmu, na hango babban ɗakin wasan kwaikwayo na ƙasa mai siffar hular soja, wanda aka gina domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977. A shekarar ina ɗalibi na kalli hawan dabar bikin a Kaduna, na ƙudurta wata rana sai na ga ginin da idona. Na roƙi direba ya rage gudu, ya rage.

Ƙungiyarmu ta yanke shawarar komawa baɗi, amma sai an rubuta mana a takarda cewa ɗakunan ƙasa ne, a kan tsibiri, kafin mu ba da ko kwabo.