Gasar bit a wani situdiyo na Yelwa: kunne ya ƙaru, amma tsarin na buƙatar gyara

Masu tambaya ko ya kamata ƙaninsu ya biya kuɗin fom ya shiga gasar haɗa kiɗa da kwamfuta ɗin nan da wani ƙaramin situdiyo ke shiryawa a wajen Yelwa nan Bauchi, amsata eh ya shiga, amma fa kar ya sa ranshi a kyauta, ya je don a gaya mishi gaskiya a kan kiɗanshi, don wannan ne abun da suka iya sosai a gurin. Sauran tsarin kam akwai magana kuma ba zan ɓoye ba.

Ga yadda abun yake. Ka haɗa bit ɗinka, wato kiɗan da ake ɗora waƙa a kai, a laftof ko a waya, da murya ko babu murya, kar ya wuce minti uku, ka tura musu, su cire sunanka su liƙa lamba, sai a taru da yamma a saurara ɗaya bayan ɗaya. Alƙalai uku ne, mai situdiyon wanda shine furodusa, da wani mai buga fiyano a gidajen biki, da wani dattijo makaɗin kalangu wanda daga farko samarin suka ɗauka an kawo shi ne don ado. Ɗakin ƙarami ne, an manna kwalin ƙwai a bango wai don ya tare ƙara, kuma gaskiya kwalin ƙwai ba ya tare komai, janaretan maƙwabta muna jinshi sarai, amma sifikun monita guda biyun da suke da su masu kyau ne, ba irin na majalisa masu kumbura bas ba. In za a kunna kiɗa sai an kashe fanka, toh ka shirya ma zufa.

Kusan kowa da FL Studio ya yi aiki, kaman dai ko'ina. Manhajar haɗa kiɗa ce ta wani kamfani na ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line, da can FruityLoops ake ce mata kafin su canza suna a 2003, kuma har gobe tsofaffin hannu Furuti suke cewa. Ba laifin manhajar ba ne, amma tunda kowa sautukan da ta zo da su yake ɗauka bai taɓa komai ba, kafin a kai lamba 10 kunnenka ya fara rantsuwa mutum ɗaya ne ya haɗa duka. Musamman wannan gangar amapiano ɗin da suke ce ma log dram, wadda ta taso daga Afirka ta Kudu, wallahi ta addabe mu, an cusa ta a kiɗan soyayya, an cusa ta a na siyasa, har wani ya saka ta ƙarƙashin abun da ya yi kama da bege. Ni ban ƙi ta ba, tana da daɗi in an ba ta fili a gudunta na wajen bugu 110 zuwa 115 a minti, matsalar itace yawancinsu ba su san ganga ce mai nota ba, dole ta bi makullin da fiyanon ke kai, wato jerin notocin da aka gina kiɗan a kansu, sai ka ji fiyano na gabas ita tana yamma kuma mai kiɗan na gyaɗa kai abunshi. Mai fiyanon nan na alƙalai bai cika surutu ba, kibod ɗin gabanshi kawai yake jawowa ya danna notar da ya kamata, ya danna wadda yaron ya saka, ya kalle shi. Shikenan an gama bayani.

Abu na farko da ya sa na ce kuɗin fom ɗin bai tafi a banza ba shine yadda furodusan ke daidaita ƙarar kowane kiɗa kafin a saurara. Yaranmu sun ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi iyawa, sai su tura komai sama har mitar ta yi ja, alhali a kwamfuta in sauti ya wuce 0 dB, wato iyakar mitar, ba ƙaruwa yake ba, yanke kan shi ake yi, shine wannan tsatsagewar da kake ji kaman sifika ta yage. Furodusan ya buɗe mana hoton sautin lamba 4 a allo, daga farko har ƙarshe a cike yake dam kaman bulo, babu inda ya sauka babu inda ya hau. Da ya rage shi ya dawo daidai da na sauran, sai ga shi babu komai a ciki, kik ɗin, wato bugun babbar ganga, ya mutu, amshin da baitin ƙarfinsu ɗaya. Yaron ya ce Oga ai a ɗakina yana dukan ƙirji, Oga ya ce mishi ƙarar ce ke dukanka ba kiɗan ba.

Na biyu, bayan an ji a monita sai su sake kunna sakan talatin a lasifikar wata tsohuwar Itel. Wannan dabara ta burge ni don nan ne gaskiyar kasuwarmu take, wa zai ji kiɗanka a situdiyo? A waya za a ji, a teburin mai shayi, a cikin keke daga Wunti zuwa Muda Lawal da ƙaramar sifikar bulutut. Masu dogara da bas ɗin 808, wanda asalinshi wata na'urar ganga ce ta kamfanin Roland na Japan da ta fito a 1980, nan suka sha kunya, don lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, sai kiɗan ya koma tas tas na hayhat, wato faifan ƙarfen ganga, kawai da fiyano yana yawo shi kaɗai. Maganin da furodusan ya nuna musu mai sauƙi ne, ka ɗan ƙazanta bas ɗin kaɗan yadda zai samu amo a sama, ko ka ɗora mishi wani sauti mai bin notocinshi a mataki na gaba.

Amma inda na fi jin daɗin zaman shine lokacin da aka zo kan kalangu. Lamba 7 ya yi ƙoƙari, bit ne na biki mai tsafta, miksin ɗin, wato daidaita sautukan, ma ba laifi, ya saka kalangu daga farko har ƙarshe. Aka gama aka tafa. Dattijon nan ya gyara hula ya ce wane ne mai wannan, yaron ya miƙe ya ce ni ne Baba. Ya ce yaro kalangunka me yake cewa? Yaron ya yi shiru yana murmushi. Baba ya ce ai bai ce komai ba, bebe ka kawo mana. Sai ya jawo nashi daga ƙarƙashin benci ya rataya a hammata, ya buga sau ɗaya a sake, ya matse tsarkiyar da damtse ya sake bugawa, fata ɗaya makaɗi ɗaya amma murya ta tashi sama, ya saki a hankali tana gangarowa tana lanƙwasa, ya yi wani ɗan gajeren kirari da shi wanda rabin ɗakin suka gane ba tare da ya buɗe baki ba. Abun da yaron ya yi shine ya samo bugu ɗaya tak da wani ya ɗauka, ya jera shi a layi, ƙarfi ɗaya murya ɗaya, kowanne ya faɗa daidai kan zanen gidan shi a allon manhajar ba gaba ba baya. Hannun mutum ba ya haka, wani bugun yana ɗan riga, wani yana ɗan jinkiri, wani shafa ne kawai. Furodusan ya karɓi linzamin ya nuna mishi a minti biyar, ya rage ƙarfin wasu bugun, ya ture wasu kaɗan daga kan layi, ya ja muryar wasu sama da ƙasa, kuma ko da bai kai na Baba ba aƙalla ya fara motsi. Baba ya ce toh yanzu ya fara koyon magana. In da za su ware wannan kaɗai su mayar da shi aji na wata wata, ni zan biya ma yaran unguwarmu.

Masu saka murya ba su da yawa kuma ba zan daɗe a kansu ba. Auto-Tune, abun da ke gyara ma mawaƙi murya ta hau nota, tun 1997 yake duniya, ba sabon abu ba ne kuma ba haram ba ne a waƙa, amma in ba ka gaya mishi makullin waƙarka ba zai ja muryarka ya kai ta notar da ba ita ba, kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, in ya murɗe maka hawa da saukar kalma sai mai sauraro ya tsaya yana tambaya me aka ce.

Yanzu ga inda situdiyon ya gaza. Lamba 12 da aka kunna kowa ya yi tsit, waƙa ce cikakkiya da murya da amshi da gita, sumul kaman daga Legas aka aiko. Sai mai fiyano ya ce a maimaita baiti na biyu, aka maimaita, muryar na cewa ƙ kaman k, ɗ kaman d, kuma numfashi babu ko ɗaya tsakanin layuka. Da aka matsa ma yaron ya ce da Suno ya yi, wannan manhajar da ta yaɗu tun ƙarshen 2023 wadda za ka rubuta mata baiti da salon da kake so ta haɗo maka waƙa gaba ɗaya. Kuma ya kare kanshi da kyau, ya ce fom ɗin cewa ya yi kiɗan da aka haɗa da kwamfuta, shi kuma da kwamfuta ya haɗa, baitin ma nashi ne. Gaskiyarshi ta wannan fuskar. Laifin na masu shiryawa ne da ba su rubuta doka ba, aka ɓata lokaci ana musu har aka kira magariba, ƙarshe aka ce ba za a ba shi maki ba kuma ba a mayar mishi da kuɗin fom ba, wanda a ganina zalunci ne ƙarami. Ko dai su buɗe rukuni daban na masu irin wannan, ko su ce kowa ya zo da fayil ɗin aikinshi a buɗe a gani layi layi. Sai dai su sani FL Studio na gwaji yana bari ka ajiye aiki amma ba ya bari ka sake buɗewa sai ka saya, don haka su faɗa tun wuri kar su kori masu ƙaramin ƙarfi a bakin ƙofa.

Gazawa ta biyu ita ce ƙuri'ar 'yan kallo da suka ba kaso mai tsoka a maki. An ce an ɓoye suna, amma wanda ya cika keke biyu da abokai daga unguwarsu ai abokan sun san lambarshi, tun kafin a danna suke ihu. A kunnena kiɗan da ya fi kowanne shine lamba 9, wata ɗaliba ce daga wajen Gwallameji, a waya ta haɗa da BandLab wanda kyauta ne, ba ta da laftof ma. Ta ɗauki shantu na gaske da tafin ƙawayenta, ta ɗora fiyano mai nota kaɗan da bas mai sauƙi, akwai ɗan kukan iska a ɗaukar kuma tsakiyar ya yi tsawo da maimaici, alƙalan sun gaya mata haka, amma shine kaɗai wanda na tashi ina iya rera shi. Ta zo ta biyu. Wanda ya zo na ɗaya ba shi da laifi, amapiano ne mai tsafta, irin wanda ka ji ɗari kaman shi a Audiomack.

Sai ƙananan abubuwa. An ce ƙarfe huɗu ba a fara ba sai biyar saura. Ba a ba kowa sharhin a rubuce, in ba ka ɗauka a wayarka ba ya tafi, toh ka roƙi izini ka danna rikodin lokacin da ake magana a kan naka. Gurin zaman mata benci ɗaya ne a bakin ƙofa inda sauti bai kai daidai, ya kamata su gyara. Kuma don Allah kar ka kunna kiɗanka a laftof ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp ka tura, mutum biyu sun yi haka, saƙon murya matse sauti yake ya zubar da rabin aikinka, ka fitar da shi a fayil mai inganci, WAV ko MP3 mai 320, ka tura a matsayin dokumen, ko ka kai da filashi. Kyautar ta ɗaya awannin ɗaukar murya ne a situdiyon da miksin kyauta, ta biyu hedfon, babu kuɗi a hannu, kuma sai ka bi su da waya kafin su saka maka rana.