Rumfar zaɓe ko IReV: ina ya fi a jira sakamako a Legas?

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, mutanenmu na Agege da Mile 12 sun kasu biyu. Wasu sun kafe a rumfa har aka ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, wakilan jam'iyyu suka sa hannu a takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, kowa ya ɗauki hotonta. Ga rana, ga yunwa, ga fargabar 'yan daba, amma gani ya kori ji.

Masu jiran IReV (shafin intanet da hukumar zaɓe INEC ke ɗora sakamakon rumfuna) a shago kuwa sun sha zama: sakamakon 'yan majalisa yana shiga, na shugaban ƙasa ya maƙale, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Sai dai rumfa ɗaya ba za ta nuna maka Obi ya kayar da Tinubu a Legas ba, alhali APC ta kwashe kujerun sanata ukun. Duk da haka, ni rumfa zan tsaya.